«Win-win», «gagnant-gagnant» da «cuɗe ni in cuɗe ka»: sharhi kan wata fassara da ta zama jiki

0. Gabatarwa

Wani ɗalibinmu na ajin fassara ya dawo daga hutu da wata ƴar takarda mai shafi huɗu, wadda aka raba wa shugabannin ƙungiyoyin manoma a wani taron horo kan dabarun ciniki da ƙulla yarjejeniya. Takardar jerin kalmomi ce cikin harsuna uku: Ingilishi da Faransanci da Hausa. Mun ce Ingilishi domin a ƙasarmu kalmar Turanci takan nufi Faransanci a bakin mutane da yawa. Layuka shida ne suka ɗauki hankalinmu:

(1) win-win / gagnant-gagnant / raba daidai. Cuɗe ni in cuɗe ka
(2) mutual benefit / avantage mutuel / cin moriyar juna
(3) win-lose / gagnant-perdant / cuta
(4) lose-lose / perdant-perdant / a fasa kowa ya rasa
(5) no-win situation / situation sans issue / rashin nasara
(6) loser / perdant / wanda ya faɗi

Mai takardar bai ƙago komai ba. Abin da ya rubuta shi ne abin da ake ji a rediyo da bakin tafintoci shekara da shekaru, saboda haka sharhinmu ya shafi al'adar fassarar ne gaba ɗaya. Abin da muke son nunawa shi ne cewa fassara ta (1) tana ɗora wa kalmar Ingilishi alkawarin da ba ta ɗauka ba. Mai jin Ingilishi, in aka ce masa «win-win», abin da yake fahimta shi ne kowane ɓangare zai fita da abin da ya fi masa zama babu ciniki. Manomin da aka ce wa «raba daidai» kuwa ya ɗauka rabonsa zai zo ɗaya da na abokin cinikinsa. Akwai rata tsakanin waɗannan fahimtoci biyu, kuma mutane suna sa hannu a takardu ba tare da sun lura da ita ba.

1. Aikatau «win» da «lose»

Aikatau «win» ya fito daga «winnan» na tsohon Ingilishi, wanda ke nufin fama, wahala, gwagwarmaya ko yaƙi. Tsohuwar ma'anar samun abu da gumi ta saura a kalmomi ƙalilan, kamar «breadwinner», wato mai ciyar da gida. A Ingilishin yau aikin ya rabu tsakanin aikatau huɗu. Ana amfani da «win» ga gasa ko ga kyautar gasa: tsere, yaƙi, zaɓe, shari'a, kofi. Ana amfani da «beat» idan karɓau abokin karawa ne, da «earn» ga albashi ko ladan aiki, da «gain» ga ƙaruwa kowace iri, ta ƙiba ko lokaci ko ƙwarewa. Ba a cewa ma'aikaci ya yi «win» ɗin albashinsa, sai fa in caca ya buga da shi.

In muka bi hanyar Charles Fillmore, wanda ya nuna cewa kalma tana tafe da dukan yanayin da aka saba jin ta a ciki, za mu ce «win» yana janyo abu huɗu: abokin karawa, ƙa'idar wasa, lokacin da wasa ke ƙarewa, da abin da ake ci wanda ba ya rabuwa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne gasar kokowa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975. Ƴan kokowa biyu ne a fili ranar ƙarshe, takobi kuma ɗaya ne.

Aikatau «lose» ya fi «win» faɗi nesa ba kusa ba. Da shi ake faɗin ɓatar da makulli, da rasa ɗan uwa, da hasarar kuɗi, da shan kaye a wasa. Hausa ta raba waɗannan gida huɗu: ɓacewa, rashi, hasara, faɗuwa. Wannan rashin daidaito yana da muhimmanci ga mai fassara: in ya ga «win» ya san akwai ƙanshin gasa, in ya ga «lose» kuwa sai ya duba jimla kafin ya san wace irin rasawa ake nufi.

2. Ginin «win-win» da abin da ta ƙunsa

A 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka buga littafinsu kan ra'in wasanni da halayyar tattalin arziki, a Amurka. Daga wannan fanni, wanda ake kira «théorie des jeux» da Faransanci, aka samo «zero-sum game», wato wasan da in aka haɗa cin wannan da hasarar wancan jimlar ta zama sifiri. Dara haka take, caca tsakanin mutum biyu ma haka. Bahaushe ya riga ya taƙaita shi da cewa faɗuwar wani tashin wani. Masanan sun kuma bayyana wasannin da jimlarsu ba sifiri ba ce, inda duka biyu za su iya ƙaruwa ko duka biyu su ragu. A irin wannan lissafi ana rubuta sakamako gida biyu, na farko na wannan ɗan wasa, na biyu na wancan.

Wannan shi ne ginin «win-win». Gurbi biyu ne, kowane gurbi na ɓangare ɗaya, kamar yadda ake rubuta sakamakon ƙwallon ƙafa, biyu da ɗaya. Shaidar haka ita ce ana iya sauya abin da ke kowane gurbi a sami «win-lose» da «lose-win» da «lose-lose», kamar yadda Stephen Covey ya jera su a littafinsa na 1989 wanda ya yaɗa kalmar a duniyar ƴan kasuwa. Har ma akan ji «win-win-win» idan ɓangarorin uku ne. Ƙarfin kalmar a kunnen mai Ingilishi yana cikin karon da take yi da kanta: gasa ce, amma babu wanda aka kayar. Wannan ɗan mamaki shi ya sa ta bazu a Amurka a shekarun 1970 da 1980.

Tambaya a nan ita ce: in babu wanda aka kayar, da me ake auna nasarar? Roger Fisher da William Ury, malaman Harvard da suka buga littafinsu kan sasantawa a 1981, sun ba da amsa a fili. Kowane ɓangare yana auna abin da ya samu da mafitar da ta fi masa kyau in ciniki bai faɗa ba. Sun taƙaita wannan mafita da haruffan BATNA, masu fassara zuwa Faransanci suka ce MESORE. Mutum ya yi «win» in ya wuce mafitarsa, ko da taki ɗaya ne. Ba a kwatanta rabonsa da na abokin cinikinsa.

A ƙaddara wani manomin albasa a Galmi. In bai sayar wa falken da ke kai kaya Abijan ba, zai sayar da buhu jika 10 a kasuwar gari. Shi kuma falke yana iya biya har jika 20 bai faɗi ba. Duk kuɗin da suka tsaya a kai tsakanin 10 da 20 «win-win» ne. Jika 11 «win-win» ne, jika 19 ma haka. Jika 15 kaɗai ne raba daidai. Abin da zai tura ciniki wajen 11 ko wajen 19 shi ne wa ya fi mafita: manomin da ke da rudu mai kyau yana iya jira albasa ta yi tsada, wanda bashin taki da man injin ban ruwa ke bi ba shi da halin jira. Kalmar Ingilishi ba ta ce komai a kan wannan ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Tun 1925 Mary Parker Follett, wadda ake ɗauka a matsayin uwar wannan tunani, ta bambanta hanyoyi uku na kashe rigima: danniya, da sassauci inda kowa ya bar wani abu a haɗu a tsakiya, da haɗa buƙatu inda kowa ya sami ainihin abin da yake nema. Misalinta sananne ne. A ɗakin karatu wani yana son a buɗe taga don iska, ita kuma ba ta son iska ta riƙa bugunta, sai aka buɗe tagar ɗakin da ke maƙwabtaka. Da an raba daidai, da an buɗe tagar rabi, kowa ya zauna cikin rashin jin daɗi. Ke nan «raba daidai» fassara ce ta hanya ta biyu, wadda Ingilishi ke kira «compromise» ko «split the difference», alhali masu yaɗa «win-win» daga ita suke gudu.

Cewa mutane suna bambanta amfana da adalci, an gwada shi. A 1982 Werner Güth da abokan aikinsa a Jamus suka shirya wasan da ake ba mutum kuɗi ya raba da wani. In na biyun ya ƙi rabon, duka biyu su tashi babu komai. Rabon tara da ɗaya «win-win» ne a lissafi, tun da ɗaya ya fi babu. Amma an sha maimaita gwajin a ƙasashe da dama, kuma mutane da yawa sukan ƙi irin wannan rabo, su gwammace kowa ya rasa.

3. Abin da ya zube a hanyar Faransanci

Kalmar ba ta zo mana kai tsaye daga Ingilishi ba. Ta biyo ta Faransanci, inda aka kwaikwayi gininta aka ce «gagnant-gagnant». Aikatau «gagner», wanda asalinsa kalma ce ta Jamusawan dā mai nufin kiwo da neman abinci, shi kaɗai yana ɗauke da aikin «win» da «earn» da «gain»: da shi ake cin wasa, da shi ake samun albashi, da shi ake samun lokaci. Saboda haka karon da muka ambata ya yi sanyi. Ba abin mamaki ba ne mutum biyu su zama «gagnants» a ciniki guda, tun da kowa yana iya samun kuɗinsa.

A Faransancin da ake yi a ƙasashenmu kuwa «gagner» ya ƙara faɗi har ya kusa zama «samu» na Hausa. Kowa ya taɓa jin an ce wani ya yi «gagner» aiki, ko mata ta yi «gagner» ɗa. Ga mai irin wannan Faransanci, «gagnant-gagnant» na nufin kowa ya samu, shi ke nan. Wannan ya kusanci ma'anar lissafi ta asali, amma ya shafe tunawa da cewa akwai ja-in-ja a ƙarƙashin maganar, wato akwai abin da ake rabawa wanda in wannan ya ƙara wancan ya rage.

4. Abin da aka ƙara a Hausa

4.1. Tarkon ninki. Kunnen Bahaushe yana jin «win-win» da «gagnant-gagnant» a matsayin ninki, kuma ninki a Hausa yana da ma'anoninsa. In aka ninka adadi, rabo ake nufi, kowa ya sami daidai da na ɗan uwansa: an ba su dala-dala, sun shiga biyu-biyu. In aka ninka sifa ko suna kuwa, ragi ake nufi: fari-fari, ruwa-ruwa. A namu ganin daga ma'ana ta farko «raba daidai» ta fito. Tafinta ya ga kalma ta maimaitu, sai nahawun harshensa ya raɗa masa cewa rabon ɗaya ne. Ingilishi yana da kalmar wannan ma'ana, ita ce «fifty-fifty», kuma ba a musanya ta da «win-win». Wasu ɗalibai sukan kawo shawarar a ce «nasara-nasara». Wannan ya faɗa ma'ana ta biyu, ya zama abin da ya yi kama da nasara amma bai kai ba.

4.2. Aikatau «ci». Claude Gouffé a 1966, sannan Philip Jaggar da Malami Buba a 2009, sun yi nazarin yadda «ci» da «sha» suka yaɗu a Hausa. Taƙaitaccen sakamakon shi ne «ci» ya karkata wajen rinjaye, «sha» ya karkata wajen abin da ya auka wa mutum: an ci gari, an ci zaɓe, an ci kasuwa, amma an sha kaye, an sha kashi, an sha wahala. Ta wannan fuska «ci» ya fi «gagner» kusa da «win», domin shi ma yana neman wanda aka rinjaya. Sai dai iyalinsa sun haɗa da cin amana, cin zali, cin hanci, cin mutunci. In mai fassara ya ce «kowa ya ci», mai sauraro yana iya tambaya: wa aka ci? Kuma ba zai rasa hujja ba, domin akwai yarjejeniyoyin da ɓangarori biyu ke amfana a kan na uku da ba ya wurin, kamar makiyayin da aka noma burtalinsa bayan mai gona da mai sayen amfanin gona sun shirya.

4.3. «Cuɗe ni in cuɗe ka». Wannan karin magana ya bambanta da «win-win» ta fuska uku. Na farko, lokaci: ka yi mini yau, in yi maka gobe, alhali «win-win» sakamako ne na ciniki guda. Na biyu, iri: abin da aka yi maka shi za ka rama, cuɗa da cuɗa, alhali «win-win» ya fi yiwuwa idan buƙatun sun bambanta, kamar iska da rashin bugun iska a misalin Follett. Na uku, nauyi: karin maganar yana ƙulla zumunci mai ɗorewa, wanda ya karɓa ya ɗauki bashi. Wannan shi ne tsarin kyauta da ramuwa da Marcel Mauss ya bayyana a 1925, wanda Guy Nicolas ya bi diddiginsa a ƙasar Maraɗi a littafinsa na 1986. Matar da aka kai wa biki ta san za ta mayar, da ƙari ma. Kamfanin da ya ce «win-win» bai ɗauki irin wannan nauyi ba; ranar da kwangila ta ƙare, magana ta ƙare.

Abin lura kuma, Ingilishi yana da karin magana mai hoto kusan ɗaya da namu: «you scratch my back and I'll scratch yours», wato sosa mini baya in sosa maka. Amma a can yawanci yana ɗauke da zargi, ana faɗinsa ga ƴan siyasa ko ma'aikatan da ke rufa wa juna asiri. Namu kuwa yabo ne ga zaman tare. Wanda ya mayar da karin maganarmu Ingilishi da wannan, ya mai da taimakon juna haɗin baki.

4.4. «Cin moriyar juna». Mun sha jin wannan a sashen Hausa na Rediyon Sin, kuma ta shiga bakin ƴan jarida. Kalmar «moriya» ba ta da laifi. Haɗa ta da «ci» ne ke tayar da karin maganar da kowa ya sani, an ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Cin moriyar mutum shi ne a more shi a watsar. «Amfanin juna» ko «amfanar juna» sun fi tsabta. Game da ko «mutual benefit» ta ƙunshi daidaito, tarihin diflomasiyya ya ba da amsa. A cikin ƙa'idoji biyar na zaman lafiya da Sin da Indiya suka sa a yarjejeniyarsu ta 1954, ta huɗu ta ambaci daidaito da amfanin juna, kalmomi biyu a jere. Da ɗaya ta ƙunshi ɗayar, da ba a ambace su duka ba.

4.5. «Cuta». Fassara ta (3) ita ce ta fi haɗari, ko da yake ba ta da alamar haka. «Win-lose» ba ta nufin an yi zalunci. Kokowa «win-lose» ce, zaɓe ma haka, shari'a ma haka, kuma wanda aka kayar bisa ƙa'ida ba a cuce shi ba. In aka koya wa manomi cewa «win-lose» ita ce cuta, zai ɗauka cewa duk abin da aka kira «win-win» babu cuta a ciki. Manomin Galmi da bashi ya tilasta wa karɓar jika 11 yana da damar cewa an ƙware shi, kuma kalmar Ingilishi ba ta ƙaryata shi ba.

5. Kalmomin faɗuwa

A nan za mu taƙaita. «Lose-lose» tana bayyana sakamako ne kawai: duka biyu sun ragu. «A fasa kowa ya rasa» kuwa tana ɗauke da niyya, ta mai hassada ko mai fushi. Sanannen misalin fursunoni biyu, wanda Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara lissafinsa a 1950, ya nuna cewa mutum biyu suna iya faɗuwa tare ba da mugunta ba, don kawai kowa ya bi abin da ya fi masa shi kaɗai. Inda babu niyya, «haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance» ta fi dacewa.

«No-win situation» ba ta buƙatar ɓangare biyu. Mutum ɗaya ne, duk hanyar da ya bi ba ta ɓullewa. «Rashin nasara» ta yi rauni ƙwarai. Hausa tana da «gaba kura baya sayaki» da «tsaka mai wuya».

«Pyrrhic victory» ta samo suna daga Pirus, sarkin Efirus a ƙasar Girka, wanda ya ci Romawa a 280 da 279 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ya rasa mayaƙan da ba ya iya mayarwa. Nasara ce da tsadarta ta cinye amfaninta. «Garin neman ƙiba an samo rama» ta kusa, sai dai ba ta nuna cewa an ci wasan ba, don haka gara a bayyana: ya ci, amma cin bai biya ba. Ƴar uwarta ita ce «winner's curse», wadda injiniyoyi uku na wani kamfanin man fetur a Amurka suka raɗa a 1971, bayan sun lura cewa wanda ya ci gwanjon filin haƙar mai sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren kimanta abin da ke ƙasa.

«Winner takes all» tsari ne inda wanda ya zo na ɗaya ke kwashe duka, kamar yadda jihohin Amurka ke ba da wakilansu a zaɓen shugaban ƙasa, ban da Maine da Nebraska. «Cut your losses» shawara ce ta janye jiki tun hasara ba ta yi yawa ba.

Sai (6). «Loser» tana da fuska biyu. A bakin mai sharhin wasa tana nufin wanda aka kayar yau. A bakin matashin Amurka zagi ce, tana nufin wanda bai tsinana komai ba a rayuwa. Faransanci da kansa ya ari kalmar don wannan ma'ana ta biyu, domin «perdant» ba ta kai ba. «Wanda ya faɗi» ta ɗauki ta farko kaɗai, kuma Bahaushe, wanda ke danganta samu da rashi ga rabo, ba ya saurin mai da faɗuwar rana ɗaya sunan mutum.

6. Aikin kalmar a cikin jawabi

Jean-Claude Anscombre da Oswald Ducrot, a littafinsu na 1983, sun koya mana cewa kalma tana tura mai sauraro wajen wata matsaya, ban da labarin da take bayarwa. «Peu» da «un peu» suna iya nufin adadi ɗaya, amma matsayar da suke kaiwa ta saɓa. «Win-win» tana turawa wajen matsaya guda: tun da kowa ya amfana, a daina gardama a sa hannu. Wanda ya ci gaba da tambayar nawa ne rabona sai ya zama kamar mai ɓata zama. Kuma an lura cewa wanda ya fi ƙarfi a ciniki shi ya fi saurin furta ta.

A fagen diflomasiyya gwamnatin Sin ta mai da kalmar tambarinta. Taron ƙolin Sin da Afirka da aka yi a Johannesburg a 2015 ya sa ta a cikin takensa. A watan Maris na 2018 majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani ƙuduri da Sin ta gabatar, ƙasa 28 suka yarda, 17 suka ƙaurace, Amurka kaɗai ta ƙi. Daftarin farko yana ɗauke da «win-win», wanda aka amince da shi kuwa ya koma «mutually beneficial». Masu suka sun ce haƙƙin ɗan Adam ba ciniki ba ne tsakanin gwamnatoci, kuma mutumin da aka zalunta shi ne ɓangare na uku da ba shi da gurbi a kalmar. A 2020 William Barr, ministan shari'ar Amurka na lokacin, ya maimaita ba'ar da ke cewa ma'anar kalmar ita ce Sin ta ci sau biyu. Ba'ar tana aiki ne ta hanyar karanta gurbi biyun a matsayin na mutum ɗaya, wanda ya ƙara tabbatar da bayaninmu na sashe na 2.

Misali na gida: matatar mai ta Damagaram, SORAZ, da aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana, an kafa ta ne da kashi 60 cikin ɗari na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Ba aikin masanin harshe ba ne ya yanke hukunci ko wannan rabo ya dace. Sai an duba wa ya zuba jari, wa ya ɗauki bashi, wa ke da man. Abin da ya shafe mu shi ne wannan: mai jawabin da ya kira irin wannan tsari «gagnant-gagnant» bai saɓa wa ma'anar kalmar ba, amma tafintan da ya ce wa jama'a «raba daidai» ya faɗi abin da alƙaluma suka ƙaryata. In daga baya jama'a suka ce an yaudare su, wani kaso na laifin yana wuyan fassara.

7. Shawarwari da kammalawa

Muna ba da shawarar a gyara layukan shida kamar haka:

(1') win-win: kowa ya amfana, kowa ya fita da riba
(2') mutual benefit: amfanin juna
(3') win-lose: wani ya samu, wani ya rasa
(4') lose-lose: kowa ya yi hasara, haihuwar guzuma
(5') no-win situation: gaba kura baya sayaki
(6') loser: wanda aka kayar, in zagi ne, marar katabus

Za a iya ce mana (1') ba ta da armashi, kuma tafinta a gaban taro yana son maganar da za ta sa a gyaɗa kai. Gaskiya ne, karin magana ya fi daɗin ji. Amma daɗin nan shi ne matsalar, domin karin magana yana zuwa da hukuncin magabata a kan abin da ya kamata, sai ya lulluɓe kalmar lissafi da rigar zumunci. «Kowa ya amfana» tana barin ƙofa a buɗe ga tambayar da ta kamata ta biyo baya: da nawa? A takardar horo, inda akwai fili, ya kamata a ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinta, cewa amfanin wani yana iya fin na wani.

Za a iya kuma cewa a yi amfani da «ba cuta ba cutarwa», wadda ƴan kasuwa suka saba da ita. Muna ganin a ajiye ta ga «fair deal», domin ta fi «win-win» nauyi: sharaɗi ce a kan yadda aka yi cinikin, tana hana algus da ƙwara da cin gajiyar matsin wani. Manomi yana da damar ya nemi duka biyu, amfani da rashin cuta, kuma ba zai iya neman su ba in an haɗe masa su a kalma ɗaya.

Ga masu koyar da fassara a sashenmu, darasin shi ne jerin kalmomi gida uku ba ya isa ga irin waɗannan maganganu, musamman idan Hausar daga Faransanci aka ɗauko ta ba a waiwayi Ingilishin ba. Kafin ɗalibi ya nemo karin maganar da ya yi kama, a sa shi ya amsa tambaya uku: ɓangare nawa ne a cikin maganar, da me ake auna samu ko rashi, kuma wace matsaya ake tura mai sauraro. Mun gwada haka da misalin albasar Galmi a aji, kuma muna fatan abokan aiki masu nazarin Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci za su duba yadda kalmar ta sauka a nasu harsunan, mu kwatanta a fitowa ta gaba.